Takalmin da Ya Je Yamai

Ni ne Arzika, baduku a Tawa,
rumfata na bayan tasha, daura da masu gabu.
Shekara talatin ina huda fata da basilla,
ban taɓa biya wa takalmi kuɗin haya ba
sai bana.

Bizo, ɗan ƙanwata, shi ya saka ni a talho.
Ya jera takalma bisa farin zane, ya ɗau hoto,
ya ce, Kawu, yanzu kasuwa a aljihu take ci.
Ta kuwa ci.
Mutanen da ban san muryarsu ba suna taɓa gilashi,
ni ina nan ina goge zufa, kuɗi na shigowa.
Har na sake rufin rumfa da kwano.

Ran wata Laraba saƙo ya faɗo da hantsi,
ba sallama, ba ina gajiya.
Bizo ya karanta, ya sosa ƙeya, ya sake karantawa.
Kwalin da ake naɗewa dala sittin ya koma ɗari.
Mai moto da ke kai wa ƙofar gida, jika da rabi.
Mangazar Yamai kuma, kowane dare dala goma,
wai kuɗin kwana.
Na ce, takalmin barci yake yi?
Bizo bai yi dariya ba.

Mun zauna da alli a gindin bango.
Jika bakwai kuɗin takalmi, uku na fata da zare da rini.
Muka cire la'ada, muka cire mota,
muka cire kwali, moto da kwana goma,
abin da ya rage mini dala sittin.
Yini biyu ina sunkuye, baya na ƙara,
ladan bai kai tiyar gero ba.

Da, dillalina Nomau ne.
Yana cin nasa, ban ce ba ya ci ba,
amma in na ce albarka, sai ya zauna mu ja.
Ya zo sunan 'yata da goro a hannu.
Wannan dillalin ba shi da fuska, ba shi da ƙofa,
ba ka ce masa a rage don zumunci.
Kowane wata yana ƙara tsawo kamar gamba,
kuma a gonata yake.

Sai ga ja ɗin nan mai ɗinkin kore,
wanda na fi so cikinsu.
Wata a Yantala ta saya, ta ce ya matse ta.
Ya bi Konni, ya bi Dutsi, ya wuce Doso,
ya kwana sha biyu a birni,
ya hau moto, ya ga kogi, ya juyo gida.
Ni da na ɗinka shi sau biyu na taɓa ganin Yamai.
Ƙasa ba ta taɓa tafinsa ba,
amma zuwa da dawowa duk ni na biya,
har da kuɗin buɗe kwalin a duba lafiyarsa.

Bizo ya ce mu ƙara farashi.
Na ƙara jika guda, talho ya yi shiru mako biyu,
takalma na can kwance, dare na ƙirga kansa.
Na rage. In ka ja bargo ya rufe kai, ƙafa ta fito.

Jiya na ba 'yata Tsahara jan takalmin.
Ya yi mata daidai, kamar da ƙafarta na auna.
Ita na aika tasha da ƙunshi uku a leda,
ta ba Ɗan Jimo direba, da lambar mai karɓa,
da dala ɗari, da gaisuwa ga iyalinsa.
Na bi ta da ido tana tafe, ja na ɗaukar ƙasa.

Sauran guda tara na mangaza har yanzu.
Fito da su ma, in ji Bizo, da kuɗinsa.
Na ce bari in gama wannan ɗinkin tukuna.